Mama a Bakin Ruwan Matsirga

Mun bar Zonkwa da sassafe ranar Asabar, ni da Mama da maigidana, a bayan motar katako cike da buhunan citta. Direban bai gama sabawa da sabon tuƙin hannun dama ba. Duk sanda wata mota ta tunkaro sai mata su ɗauki "Yesu! Yesu!", shi kuwa yana ta dariya.

Mama ce ta matsa a yi tafiyar. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa, likitan mishan kuma bai ba mu tabbacin aiki zai yi ba. Ta ce kafin a taɓa idon sai ta sake ganin ruwan Matsirga, inda ta yi ƙuruciya kafin aure ya raba ta da wurin.

A Kafanchan muka sha paten acca kusa da tashar jirgi, hayaƙin kwal na bin mu har cikin kwano, sannan muka sami motar Madakiya. Daga nan sai ƙafa. Ina riƙe da hannunta, amma da muka shiga kurmi, cikin gora da kwakwar manja, ita ta riƙa nuna hanya.

Tun daga nesa muka ji rugugin. Ruwan na zubowa daga saman farin dutse, feshinsa na jiƙa mu. Mama ta daɗe tana kallo.

"Me kike gani, Mama?"

"Fari kawai. Faɗa mini sauran."

Na lissafa mata duwatsu da itatuwa da bakan gizo. Ta ce, "Kogon fa? Duba ta gefen ruwan. Nan muke fakewa da yayata in hadari ya tare mu."

Na duba, ga shi kuwa. Yayar tata ta rasu tun ba a haife ni ba. Mama ta ɗaga murya ta kira sunanta da yarenmu, sau biyu, ta tsaya tana saurare. Maigidana ya cire hula. Ba wanda ya ce mu tafi sai da ita ta ce.

Mun iso gida rana na faɗuwa, zaninta bai gama bushewa ba. Har yanzu muna jiran ranar aikin. Ni dai tafiyar ta nuna mini ban taɓa tunanin Mama ta yi yarinta ba, balle in tambaye ta. Yanzu kullum in na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in ja kujera kusa da ita in ce, "To Mama, da ruwan ya ɗauke, sai kuka yi ina?"