Dodon da Ya Ci Gyauro

Shekarun da nake aiki a Tasawa, kowace Lahadi bayan la'asar mukan haɗu mu huɗu a inuwar iccen bedin ƙofar gidana, mu ɗora shayi, mu yi wani wasa da na koyo a Yamai. Ni ke ba da labari, ni ne kuma duk dodanni da aljannun da ke ciki. Kowane cikin abokaina yana da jaruminsa guda. In ya ce jarumin zai yi wani abu, sai ya jefa ɗan lido, ƙwayar nan mai lamba ɗaya zuwa shida: in lamba babba ta fito ya dace, in ƙarama ce ya kwana ciki. Wanda jaruminsa ya mutu kuwa, ya mutu ke nan, babu roƙo.

Akwai tela maƙwabcina, akwai mushe, wato malami mai koyar da kimiyya a koleji, sai likitan dabbobi da ke tahowa tun daga Mayahi bisa moto, wato babur. Jarumin Likita maharbi ne. Shekara biyu yana renonsa cikin wani kaye, littafin rubutu mai koren bango, har launin hularsa ya rubuta. Ko ruwan sama ya kama shi a hanya, kayen nan yake fara cusawa cikin riga.

Mushe ne ciwon kaina. In na ce aljani ya ɓace, sai ya ce, "To hasken rana ta ina ya bi?" In na ce ƙatuwar mikiya ta ɗauki raƙumi, sai ya nemi tsawon fiffikenta. Ran nan ya kai ni bango, na ce, "Na ji! Daga yau duk wanda ya kawo bayanin da hankali ya ɗauka, ya zama doka a wasan nan." Da bakina na ja wa kaina.

Wata uku ina shirya musu wani dodo mai aman wuta. Wallahi ina alfahari da shi. Ranar da na fito da shi daga kogo, na kumbura murya, na ce ya buɗe baki ya toye rumbuna bakwai. Ko gezau Mushe bai yi ba.

"Wutar daga ina?"

Kafin in yi masifa, Likita ya aje kofinsa. "Ai wannan mai sauƙi ne. Tumbi gare shi irin na saniya. Ciyawa in ta ruɓe a tumbi tana ba da gaz mai kama wuta. Sai ya haɗiyi duwatsun ƙyastu, kamar yadda kaza ke tara tsakuwa a ƙundu. In ya yi gyatsa, duwatsun su gogu, shi ke nan."

Mushe ya gyaɗa kai, abin da ban taɓa gani ba. Daɗi ya kwashe ni, na ce ya zama doka.

Sai tela, wanda bai cika magana ba, ya ce, "To ashe saniya ce. Ku ba ta gyauro mana."

Inna lillahi! Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ɗanyen tohon dawa da ke sake fitowa bayan girbi, ya san abin da yake yi wa dabba. Suka ce jarumansu sun yanko dami goma sun zube a bakin kogo. Tela ya jefa ɗan lido, shida ta fito. Dodona na wata uku, mai toye garuruwa, ya ci gyauro cikinsa ya kumbura.

Haushi ya sa na ce tunda haka suke so, sai sun ji mutuwar dalla-dalla. Ina yaro na ga bijimin babana ya tafi ta wannan hanya, don haka ban rage kome ba. Na faɗi yadda kwiɓin hagu ya tashi kamar ganga, yadda ya miƙe wuya yana nishi, yawu na zuba, ƙafafu na rawa har ya zube. Mushe da tela suna ta tafawa. Ban da Likita.

Can ya ce, "Maharbina zai matsa kusa, ya huda tumbin da mashi, iska ta fita."

"Likita, kanka ɗaya?" in ji Mushe. "Dodo ne fa! Mun ci wasa!"

"Ni ba a kashe dabba da kumburi a gabana."

Tela har riƙe masa hannu ya yi. Ni ma na ce, "Aboki, ka tuna dokarka. In ya samu sauƙi, gyatsa zai fara yi, kai kuma kana gabansa." Ya ce ya sani. Ya jefa, biyar ta fito. Iska ta fita, ciki ya sace, dodo ya ɗaga kai.

Saura jifana, na wuta. Rabon da in yi addu'a a kan ɗan lido tun ina ɗan makaranta a lakwal, amma ranar na roƙi Allah ya ba ni ɗaya. Shida ta fito. Ban kumbura murya ba, a hankali na ce maharbi ya ƙone.

Ba wanda ya yi dariya. Shayi ya tafasa ya zube a gawayi, ba wanda ya kula. Likita ya daɗe yana duban kayensa, sannan ya rufe, ya cusa cikin riga. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Sai da ya hau moto ya juyo ya ce, "Amma dodon ya tashi? Yana tuƙa?"

Na ce, "Ya tashi, Likita. Yana tuƙa."

"To alhamdulillahi. Kada a ba shi ruwa da yawa sai gobe."