Kawu Tanko da Tambayarsa a Bakin Rijiya

Duk wanda ya sha ruwan rijiyar Dakoro ya san Kawu Tanko, yayan mahaifiyata, mai tsaron rijiyar. Tambaya ɗaya gare shi: "Wa ya ba ka?" Ni dai ta gajiyar da ni, amma har yau ina juya ta a rai.

Kun tuna manzon Sarkin Maraɗi da ya ce dawakinsa za su riga shanunmu sha? Kawu ya riƙe guga.

"Wa ya ba sarkin naka?"

"Gado ne, tsoho. Daga ubansa."

"Uban fa?"

Haka suka yi ta hawa har kaka na bakwai. Manzo ya ƙosa ya ce, "Na farkon ya fi kowa dawaki!"

"Af! Ashe doki muke wa faɗuwa. To ya matso mu gaisa."

Sai wani malami daga wajen Sakkwato, ya zauna yana yi mana bayani cewa a littafi shugaba makiyayi ne, mu kuma garke. Kawu ya saurara tsaf, har da gyaɗa kai.

"Allah gafarta malam, ni ma na yi kiwo. Wa ke shan nonon?"

Malam ya ce lokacin salla ya yi.

Wani Buzu daga Azagor kuwa, da aka tambaye shi, takobinsa kawai ya shafa. Kawu ya yi dariya har da hawaye. "Kai kaɗai ba ka wahalar da ni ba. Sha!"

To, shekarar da ruwa ya ja baya aka naɗa ni mai gari. Rijiya ba ta kaiwa la'asar, na baya laka yake samu. Na koro shanuna gaba, wai ni manya. Kawu ya zauna a kan igiya.

"Ɗan ƙanwata, wa ya ba ka?"

"Jama'a mana, Kawu!"

"Madalla. Ga su can a jere. Koma bayan masu ba ka."

Wallahi laka shanuna suka sha ran nan, mata na ta guɗa.

Shekaranjiya, bayan rasuwar Kawu, na sake koro su gaba, don in gani. Kowa ya ba ni hanya, ba wanda ya tambaye ni wa ya ba ni. Na daɗe tsaye da guga a hannu, sannan na juya da su baya.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya kabarinsa, ya shayar da shi a sahun farko. Mu kuma Allah ya ba mu mai tambayarmu.