Ƙwayar Gyaɗa Goma Sha Shida

Shekarun baya can, Turawa suna nan ba su ko fara zancen tafiya ba, na taɓa yin kwana tara ina yawo tsakanin ƙasar Batsari da ƙasar Safana ina tambayar mutane shekaruna nawa. Lafiyata ƙalau. Takarda ce ta sa ni.

Lokacin ina ajin ƙarshe a makarantar Midil, a Katsina. Mun yi jarrabawar fita, mun yi ta shiga kwaleji, likita ya ƙwanƙwasa mana ƙirji ya leƙa bakinmu, sai ga sunana cikin waɗanda suka ci. Ranar nan murna ta hana ni cin tuwo. Washegari hedimasta ya kira mu ofis ya ba kowa takarda ya kai gida a cike. Abu uku ake so: shekarun yaro, dangwalen uba na cewa ya yarda, da hatimin hakimin ƙasarsu. In ukun suka cika, En'e, wato hukumar gargajiya, za ta ɗauki nauyin komai, abinci da tufafi da littattafai har da kuɗin jirgin ƙasa. In ɗaya ya rasa, a ba na bayanka gurbin. Kuma wanda ya wuce shekara goma sha bakwai ba a ɗaukarsa.

Da aka zo kaina sai hedimasta ya riƙe takardar. Ya dube ni daga ƙasa har sama, kuma tafiya ce mai ɗan nisa, don na fi wasu malaman tsawo, ga gashin baki ya fara leƙowa ba wanda ya gayyace shi.

“Kai Dogo, shekarunka nawa?”

“Suna cikin rajista, Malam.”

“Wace daga ciki?”

Ya buɗe guda biyu. Malamin da ya ɗauke ni elementare ya gan ni ɗan tsurut, ya rubuta abin da ya ga dama, bisa lissafinsa yanzu shekaruna sha huɗu. Wanda ya karɓe ni a Midil ya tarar na yi zaro, shi ma ya rubuta abin da idonsa ya gaya masa, bisa nasa lissafin shekaruna sha tara.

“Bature ba zai karɓi ko ɗaya ba,” in ji hedimasta. “Ka je iyayenka su faɗa, malamin hakimi ya rubuta. Kwana goma na ba ka.”

Na fito ina dariya, a ganina ba abin da ya fi wannan sauƙi.

To ni ɗan fari ne. Ana yaye ni baffana, yayan mahaifina, ya ɗauke ni ya kai ni gidansa a Yasore, ƙasar Batsari, can na tashi. Iyayena suna ƙauyen Babban Duhu, ƙasar Safana, sai da salla nake zuwa. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, “wancan” yake cewa. Mahaifiyata kuwa in na durƙusa na gaishe ta, turmi take amsa wa. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani. Amma kai ne ya sani, zuciya ba ta yarda ba. Ina ganin yadda take dariya da ƙannena, sai na yanke wa kaina hukuncin cewa ni dai ta manta da ni, kuma na daɗe ina jin zafin haka.

Saboda haka Yasore na nufa. Baffa ya karɓi takardar ya juya ta, ya riƙe ta kai a ƙasa, ya ce, “Wanga abu mai sauƙi ne. Shekarar da fara ta cinye mana gero aka haife ka.”

Matarsa ta leƙo daga ɗaki ta ce, “Wace daga ciki, Malam? Ai sau uku ta zo a jere.”

Muka kai maganar ƙofar masallaci. Wani dattijo ya ce sha biyar. Wani ya ce shi dai ya san na girmi ɗansa, ɗan nasa kuma ba a san nasa shekarun ba. Wani ya sa na miƙe tsaye, ya dube ni, ya ce ashirin da biyu, kuma a yi mini aure kafin in lalace. Na tafi da shekaru iri biyu, na dawo da iri biyar.

Baffa ya ce mu je Batsari, malamin hakimi ya zaɓi ɗaya. Muka yi sammako. Malamin ya karanta takardar a tsanake, ya dubi baffa ya ce, “Kai ka haife shi?”

“Ni na riƙe shi tun yaye.”

“Takarda uba ta ce. Ubansa kuma mutumin ƙasar Safana ne, hatimin can ake so.”

Baffa ya karɓi takardar ya miƙe. Sai da muka fito ya ce, “To ni mi nike?” Mutumin da ya sa aka yi mini kaciya, ya goya ni a wuya zuwa kasuwa, takarda ta ce ba ta san shi ba.

Kwana biyar sun tafi. Na kama hanyar Babban Duhu a ƙafa, takarda a cikin hula. Mahaifina ya saurari bayanina yana kallon garke. Da ƙyar, don ya ji an ambaci hakimi, ya yarda muka je Safana, shi a gaba ni a baya, tsakaninmu kamar tsawon gona.

Malamin hakimin Safana dattijo ne mai tabarau. Ya tsoma alƙalami ya ce wa mahaifina, “Wanga ɗanka ne?”

Mahaifina ya dubi rufin zaure. “Yaron yayana ne, na Yasore.”

Kaina ya ɗaure tam. A Batsari an ce ni ba ɗan baffa ba ne. A Safana uban da aka turo ni wurinsa ya ce na baffa ne. Ni da na ci jarrabawar lissafi da Turanci, ga ni tsaye ban san shekaruna ba, yanzu kuma ban san ɗan wa nake ba. Wallahi har na fara tunanin ko akwai wani zance da aka ɓoye mini.

Malamin ya sauke tabarau ya yi murmushi. “Ɗan fari ne?”

Bai jira amsa ba. Ya kamo babban yatsan mahaifina ya shafa masa tawada ya danna, mai yatsan yana ta kallon rufi kamar hannun na wani ne.

“To shekarunsa fa?”

“Ban riƙe ba. Zancen mata ne.”

Na matsa na ce, “Allah gafarta Malam, ka rubuta sha shida mana. Wa zai sani?”

“Ni zan sani, ɗan makaranta. In Bature ya ce wa ya faɗa, in ce wa? Ban sa hatimi kan abin da ban ji ba. Je ka ji daga bakin uwarka ka dawo.”

Da ya ce in ɗebo masa ruwa a kwando da ya fi mini sauƙi. Tun da nake, ni da ita ba mu taɓa yin magana da ta wuce gaisuwa ba.

Na same ta tana daka. Na durƙusa nesa, na gaishe ta, na yi bayani tun daga jarrabawa har hatimi. Taɓarya ba ta tsaya ba. Da na gama sai ta ce wa ƙanwata, “A ba baƙo ruwa,” ta ɗauki ƙwarya ta shige ɗaki.

Baƙo. Na zaga bayan rumbu, ƙaton mutum da gashin baki, na yi kuka har na gode Allah. Kwaleji ta tafi, wannan na farko. Na biyu, abin da na daɗe ina zargi ya tabbata. Goggona, yayar mahaifina da ke zaune a gidan, ta same ni a can. Na ce mata, “Goggo, ko shekarar da ta haife ni ba ta riƙe ba.” Ta harare ni ta ce, “Boko bai ƙara maka wayo ba,” ta tafi abinta.

Washegari, kwana na takwas, na ɗaure kayana zan koma in shaida wa hedimasta a ba wani. Goggo ta ce in zauna in taya ta ɓarar gyaɗa tukuna. Muna cikin ɓara sai ga mahaifiyata. Ta zauna a bakin tabarma, ta ba ni baya, ta fuskanci danga. Bayan dangar akwai wata tsohuwar saniya da na sani tun ina yaro, ta rame, haƙora sun ƙare, ba nono ba haihuwa.

“Yaya,” ta ce wa goggo, “mahauta sun sake yi wa mai gida zancen saniyar nan. Na ce a'a.”

“Ai ta tsufa,” in ji goggo. “Shekarunta nawa ma?”

“An haife ta ana cirar gyaɗa, kamar yanzu. Kwanana huɗu da fara wankan jego. Na fari.”

Goggo ta jawo faifai kusa da ita. Hannuna ya tsaya.

“Daminarta ta farko ruwa ya yi yawa, katangar gabas ta faɗi.”

Goggo ta jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya a faifai.

“Ta biyu, da kaka, aka zo daga Yasore aka tafi da wani yaro. Saniyar ta yi kwana uku ba ta ci ba.”

Ƙwaya biyu. Haka ta yi ta bi, damina bayan damina, muryarta ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai ƙirga ƙwarya. Ta uku fara. Ta huɗu fara kuma, ita ce saniyar ta yi haihuwar fari. Da ta zo ta biyar sai ta ɗan dakata.

“Ta biyar ƙyanda ta shiga Yasore. Na je can nema wa saniya magani.”

“A Yasore ake sai da maganin shanu?” in ji goggo.

“Ban samu ba. Na tsaya bayan danga tun hantsi har la'asar, sai na ji mai ciwon ya ce a ba shi kunu. Na juyo.”

Na san ƙyandar, tabonta na nan a bayana. Na kuma san nisan da ke tsakanin Babban Duhu da Yasore, shekaranjiya na tako shi da ƙafata. Ba wanda ya taɓa gaya mini ta zo.

Ta ci gaba. Ta bakwai aka yi wa wasu yara kaciya, ta aika da man shanu ba ta ce na wane ne ba. Ta takwas dogarai suka zo ɗibar yara boko. Ta sha biyu aka ce an tafi da wasu Katsina, shekarar nan saniya ta karye ƙaho. Ta sha huɗu wani ya zo salla riga ta yi masa kaɗan. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, kuma ba ta waiwayo ba. Da ta faɗi daminar bana sai ta miƙe ta kakkaɓe zani.

“Shekarun saniya ke nan, Yaya. In wani na da amfani da su.”

Goggo ta juye mini faifan a tafin hannu. Na ƙirga sau uku, don idona ba ya gani sosai. Goma sha shida.

Kafin azahar ina Safana. Na zube wa malamin gyaɗar a kan tebur.

“Ta faɗi shekarunka da bakinta?”

“Na saniya ta faɗa, Allah gafarta Malam.”

Na kwashe labarin na gaya masa. Ina jiran ya kore ni, sai na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Can ya ce, “Tawa da ɗan akuya ta ƙirga nawa.” Ya rubuta goma sha shida, ya rubuta a gefe cewa uwa ce ta shaida, ya shiga da takardar wurin hakimi ya fito da hatimi. A rana ta goma na isa Katsina a saman buhunan wata motar gyaɗa. Hedimasta ya karanta, ya dube ni daga ƙasa har sama yadda ya saba, ya sa takardar cikin ambulan.

Na yi kwalejin, na yi aiki, na yi ritaya. Yau in na ga jikokina suna fafutukar takardun shiga jami'a da neman tallafin karatu, kowa da takardar haihuwarsa har da sa'ar da ya faɗo duniya, ina taya su murna, gaskiya sun huta. Ban kuma ce al'adar nan ba ta da ciwo ba. Ta sa na yi shekaru ina zargin matar da ta yini tsaye a bayan danga saboda ni. Nawa ɗan farin da sunansa nake kiransa, a gaban kowa, ko da tsofaffi za su yi tsaki.

Ita dai har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Saniyar ma ba a sayar ba, a gida ta mutu. Duk takardar da na cika tun daga ranar, ta aiki, ta fansho, ta aikin Hajji, shekarun saniyar nan nake rubutawa. Wani lokaci ma'aikaci ya dube ni ya ce, “Baba, ka tabbata waɗannan ne shekarunka?” Sai in ce masa na tabbata, don wadda ta ƙirga su kullum tana nan, ni ne ban gan ta ba.