Takardar da Muka Wanke wa Yaya

Ku matso, jikoki, ku ba ni kunnuwanku. Jiya na hangi maƙwabciyarmu Kulu ta dawo daga kasuwar Dandin Mahe tana dariya, sai zuciyata ta yi baƙi. Allah ya yafe mini.

Can baya, a shekara ɗaya taɓin hankali ya kama ta ita da Yayata. Yaya mai dakan gabu ce, har zanenta ƙamshin albasa yake. Takan ce, "Miya ba gabu, hira ba dariya." Sai ta daina magana, ta daina barci.

Na kai ta asibitin ƙauye. Malamin asibiti ya ce, "Inna, ba mu da maganin wagga cuta." Ya rubuta takarda ya miƙo mini, ya kira na gaba. Gidanmu ba mai boko. Muka ɗauka rubutun sha ne, muka wanke mata, ta shanye.

Ashe takardar zuwa babban asibitin birni ce. Ɗan Kulu malamin makaranta ne, ya karanta irinta da aka ba su, ya sa uwarsa a mota.

Malamin asibiti an mai da shi birni. Kulu tana goyon jikoki. Yaya ta rasu damina ta biyu, ƙafarta a ɗaure. Ni ko har yau in Kulu ta gaishe ni, sai na haɗiye miyau kafin in amsa.

Allah ya ba Yaya a can abin da aka ba Kulu a nan.