Ranar da na kai katakon Kaka bakin inji

Ana sallame asuba munka bar Karaye bisa mashin, ni a baya rungume da katako kamar jinjiri. Guda ɗaya ne tal a duniya. Marigayi kakanmu ya aje shi zai sake ƙyauren ɗakin Inna, kakata, Allah bai nufa ba. Tsohon ƙyauren gara ta cinye, saura zanen ganyen albasa da ya yi da wuƙa. Ni kuma da rawar kan ɗan jami'a na ce ma Inna akwai injin kwamfuta a Jega da zai kwafe zanen tsaf daga hoto.

"Maigidana, in ka ɓata shi, ka nemi wata matar," in ji ta. Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba.

A Maiyama direban mota ya so ya cusa shi but, ƙarƙashin buhunan gero. Na ce baba, sai dai ka cusa ni. Haka na zo Jega da shi bisa cinya. Manyan motocin albasar Aliero na wuce mu, warin har cikin ido. Masar tasha ma guda biyu na iya ci, ni da ba ni yi mata wasa.

Abokina ɗan ajinmu ya taso daga Aliero, munka haɗu shagon kafinta mai injin. Oga ya nuna muna bakin inji, wato ƙarfen da ke sassaƙa katako, iri biyu. Babba mai kan ƙwai na gudu, amma ba ya shiga siraran layuka, sai kwamfuta ta tsallake su, ganyen ya fito kamar an guge. Ƙarami mai tsini na bin kowace jijiya, amma tafiyarsa a hankali, sai a wuni. Kuma dole ka gaya ma kwamfuta siffar bakin da faɗinsa, don ta ja shi gefe kaɗan, gefensa ya shafi layi ba tsakiyarsa ba.

Munka yanke shawara babba ya fara share fili, ƙarami ya gama. Nan na tafka ta. Babba na ɗaure a inji, ni kuma sauri ya sa na danna aikin ƙarami. Injin ya nutsa cikin kusurwa da wata ƙara marar daɗi. Kafin in mari jan maɓalli ya kwashe wuri kamar faɗin babban yatsa.

Oga ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, inji ba ya da ido, abin da ka gaya mai shi ya sani."

Munka gyara, ƙarami ya yi ta sassaƙa har bayan la'asar. Zanen ya fito cas, har jijiyar ganye. Ni dai ramin nan kaɗai nike gani. Duk hanyar komawa ina haɗa ƙarya ina warwarewa.

Inna ba ta gani sosai, da yatsa ta bi zanen. Sai yatsan ya faɗa ramin, ya tsaya.

"Wanga fa?"

"Ni ne, Inna."

"Na sani. Sauran duk na inji ne, nan kaɗai hannunka ya taɓa." Ta ja hannuna zuwa ƙasan tsohon ƙyaure, ga wata tsaga inda wuƙa ta kuɓuce ma Kaka. "Shi ma ƙasa ya maida tashi ɓarnar, kai ma haka za ka yi. Ɗauko ƙusa."

Abin da na koyo, 'yan uwa: duba bakin da ke ɗaure kafin yatsanka ya yi gaba. Aurena da Inna dai yana nan.