Ɓerayen da Ke Sakin Waya

Bayan na gama sakandare na samu aiki a wani ɗakin bincike, ina ba ɓerayen gwaji abinci, ina sauya musu shimfiɗar dusar katako. Kullum daga Limancin Kona nake hawa keke napep, na bar ɗana wajen Inna, mahaifiyata.

Wasu ɓerayen da ciwon lalacewar tsoka ake haifarsu. Akan ɗora ɓera a kan ragar waya a kifa ta. Mai lafiya sai ya maƙale, har ya yi yawo. Mai ciwon zai riƙe, ya yi rawa, ya saki.

Likitar da nake yi wa aiki ta taɓa nuna mini hotuna a kwamfuta.

"Nan ne jijiya ke haɗuwa da tsoka, ta ba ta umarni," in ji ta. "Dubi ta mai lafiya."

A murɗe take kamar ƙuli-ƙuli mai zobe. Ta mai ciwon kuwa kamar an taka ƙuli-ƙulin.

"A mutane, ta wajen uwa ciwon yake bi ya kama 'ya'ya maza," in ji likitar.

Ƙanena bai gama firamare ba ya daina tafiya. A gida an ce iska ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi har ya rasu.

Ran nan na sunkuya zan goya ɗana, shekararsa uku. Kowace mace ta san yadda yaro ke matse ƙugun uwa da cinyoyinsa kafin ta ja zani. Nawa ya matse, na ji rawar a bayana, sai ya zame. Inna ce ta tare shi.

"Ke kika sangarta shi da goyo," in ji ta. "Ƙato da shi! Sauke shi ya taka."

Na sauke shi a tabarma. Da zai tashi sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya. Inna ta shige ɗaki. Ita ma ta taɓa ganin irin wannan tashin wajen ƙanena.

Aka ɗebi jininsa a asibiti. Ciwon ne.

Har yanzu in zan kifa ragar, nakan ƙara dusa a ƙasa. Ɗana kuwa ina goya shi, sai dai majanyi biyu nake ɗaurawa.