Karyar Agali

Kakata Kande ba ta yarda da kowa, kuma ba ta ɓoyewa. Idan baƙo ya tsawaita gaisuwa, sai ta ce akwai abin da ya zo roƙo. Idan maƙwabciya ta yaba miyarta, tana fita Kaka za ta leƙa tukunyar daddawa ta ga ko ta ragu. Mai shan shayi a wurinta malalaci ne. Mai saurin tafiya ya yi wa wani laifi, mai tafiya a hankali kuwa awakin mutane yake dubawa. Ranar da aka rubuta sunana a lakwal, makarantar boko ta Mayahi, kwana uku ta yi tana tambayar babana abin da Nasara zai yi da sunan, tunda ba shi ya raɗa mini ba. Mu jikoki muna dariya, amma ba a gabanta ba.

Halitta ɗaya ce ta tsira daga zarginta, ita ce karya. Tun da na yi wayo akwai wata 'yar karya mai gajerun ƙafafu a bakin ɗakin Kaka. In wannan ta mutu sai ta sa a nemo mata wata irinta, kuma duk sunansu ɗaya, Guntuwa. Liman ya yi magana har ya gaji. Kafin Kaka ta kai loma baki sai ta gutsuri tuwo ta jefa wa karyar, ta ce, "Ci, Guntuwa. In maigidanki ya zo, kada shi ce mun bar ki da yunwa." Ni a lokacin na ɗauka babana take nufi, tunda shi ne mai gidan.

Da sanyi ya shigo, ana idar da sallar magariba muke jawo karan gero mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Muna gasa gujiya a toka, ita tana zaune a kan 'yar kujerarta da lefen auduga, tana lura da wanda ya ci fiye da rabonsa. Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika, amma hakan bai hana ta bincika aljihuna ba. Tana yi mana tatsuniyar gizo da ƙoƙi, sai dai a tsakiya takan tsaya ta ce ita ba ta ga laifin gizo ba, laifin masu yarda da shi ne. Wanda muka fi so shi ne labarin Agali. Shi ba ta buɗe shi da ga ta nan ga ta nanku. Sai ta ajiye mazari ta ce, "Wanga ba tatsuniya ba ne. Ku rufe baki, ku buɗe kunne."

Abin ya faru tana budurwa, kafin Nasara su iso Tasawa. A wata shekara da damina ta yi gardama, wani Buzu mai suna Agali ya gangaro daga arewa da matarsa da awaki biyu da karnuka biyu, ya roƙi wurin zama a ƙauyensu. Mahaifinta, Mahaman, shi ya ba shi fili a bayan danga. Agali ba manomi ba ne, farauta ya iya. Babban karensa dogo ne siriri, na korar barewa da zomo. Ƙaramar kuwa, Guntuwa, ba ta da gudu ko kaɗan, aikinta rami ne. In suka sami ramin gafiya ko na kurege, sai Agali ya toshe sauran ƙofofin da ƙaya, ya saki karyar ta kutsa ciki. Shi kuma ya kwanta ya kafa kunne a ƙasa yana bin haushinta, inda ya ji ta tsaya nan zai sa dagi ya haƙa. A wannan shekarar ta ƙarancin hatsi, gidaje da yawa da naman Agali suka ga maiƙo a miya.

"To amma fa," in ji Kaka, tana nuna mu da mazari, "mutumin da ke ba ka nama kullum bai ce ka ba shi komi ba, kai ma ka san akwai magana."

Mahaman yana da ɗan rumbun laka a bayan gida, inda ya zuba irin wake da na gero, abin da za a shuka in ruwa ya sauka. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa iri. Rumbun a kan duwatsu yake, amma rairayi ya taru ya rufe gindinsa. Da zai ɗaure jinkar da ke rufe bakinsa, Agali ne ya riƙe masa igiya. Bayan wata biyu Mahaman ya kwance ya leƙa, ya ga waken ya sauka da kusan kamu guda, ga ɗaurin igiya yadda ya bar shi. Ya mayar ya ɗaure. Da ya sake dubawa, ya ƙara sauka. Sai ya fara tunanin wanda ya san irin ƙullin da yake yi, kuma mutum ɗaya ne ya tsaya kusa da shi ranar.

Tunani ne kawai, bai gaya wa kowa ba. Abin da ya fito da maganar fili, a faɗar Kaka, wata yarinya ce mai dogon baki a gidan. Ita ke fita da sassafe ta yi sussuka, kuma safiya uku a jere tana ganin Guntuwa a gindin rumbun, tana tona rairayi tana kuka ƙasa-ƙasa. A gidan Mahaman kare ba ya kusantar wurin abinci, don haka kullum da dutse take korarta. A rana ta uku ta je ta gaya wa uban gidan, ta kuma ƙara da nata. Ta ce kare sawun ubangidansa yake bi, in ba Agali na zuwa wurin ba me zai kawo karyarsa.

Aka tara dattawa a gindin gawo, gaban mai gari. Kaka takan kwaikwayi muryar Agali, da Hausarsa mai ɗan karkacewa.

"Mahaman, ni ban taɓa rumbunka ba. Karyar nan ba ni take bi ba, wari take ji. Akwai abu ƙarƙashi. Ku ba ta rabin yini ta tona, ku gani da idonku."

"Ka ji ko?" in ji Mahaman ga mai gari. "Abin da ya hwara a ɓoye shi yake so shi ƙarasa da rana, mu muna kallo. In sa kare shi tona gindin abincin ɗiyana? In rumbun ya hwaɗi hwa?"

Dattawa suka gyaɗa kai. Su manoma ne, sun san gero tun daga tsiro har rumbu, amma babu wanda ya taɓa kafa kunne a ƙasa ya saurari kare. A wurinsu kare a gindin rumbu ƙazanta ce, ba shaida ba. Agali ya ce zai rantse, aka ce ba sai ya rantse ba, Allah na gani. Ba wanda ya ce masa ya tashi. Sai dai daga ranar aka daina karɓar namansa. In ya yi sallama a dandali sai hira ta mutu. Matarsa kuwa, sai kowace mace ta cika tulunta kafin a ba ta guga. Ya jure wata guda. Ana tsakiyar bazara, lokacin da mai hankali ba ya kama hanyar arewa saboda nisan rijiyoyi, ya ɗaure kayansa ya tafi da matarsa da awakinsa, Guntuwa a ƙarshen igiya tana tirjewa.

A nan Kaka takan gyara wuta, ko da wutar ba ta bukatar gyara. Mu kuma ba mai motsi, don mun san abin da ke tafe.

Kwana biyu da tafiyarsu, sai ga Guntuwa ita kaɗai, da guntuwar igiya a wuya wadda ta tattauna ta tsinke. Ko ruwa ba ta nema ba, ta wuce gindin rumbu. Wannan karon Mahaman yana tsaye, ya ɗaga dutse, sai kuma ya sauke hannu. Karyar ta tona har ta ɓace cikin ƙasa. Aka ji haushi daga can ciki, aka ji kokawa, can sai ga ta ta fito da baya tana jan gafiya ƙatuwa, kunnenta ɗaya a yage. Mahaman ya aika aka aro dagi. Da ya bi ramin, ya tarar da ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa cike da wakensa da geronsa, ga kuma ɓular da aka yi a gindin rumbun, wadda rairayi ya ɓoye daga waje, iri ya rufe daga ciki. Abin da aka kwashe daga ramin ya cika ƙwarya huɗu.

Ranar Mahaman ya ɗaura wa jaki salkar ruwa ya bi hanyar arewa. Ya kai rijiyoyin da ke wajen Issawane ta yanzu, aka ce an ga Buzu da mace da dogon kare sun sha ruwa sun wuce. Daga nan ba wanda ya sake ganinsu. Ya dawo bayan kwana shida, kuma shi da kansa ya fara zuba wa karyar abinci a kasko.

Yaro yana son labari ya ƙare da gaskiya ta fito, to ga ta ta fito. Amma Kaka ba ta barinmu mu ji daɗin. Sai ta taɓe baki ta ce, "Ni dai har yau ban gama yarda ba. Gahiya guda ta kwashe wake haka? Kuma wa ya ce igiyar tsinkewa ta yi? Wa ya sani ko shi ya sako ta don a ce ba shi ba ne?"

Wata rana na ce, "Haba Kaka, ai an ga waken a rami."

"An ga na rami. Wanda ba a gani ba hwa? Kai maigida, da wanga hankali naka za a sayar da kai a kasuwar Gidan Amumune kana riƙe wa mai saye igiya."

Muka ce to ta rufe mana da ƙurunƙus. Ta ce wannan ba shi da ƙurunƙus, mu tashi mu ba ta wuri.

Na daɗe ina jin haushin wannan ƙarshen. Na ɗauka taurin kai ne irin nata, mutum ya mutu ma ba za ta wanke shi ba. Sai bayan rasuwarta da shekaru, ina da nawa 'ya'yan, muna zaune da gwaggona, ƙanwar babana, hira ta kawo mu kan Agali. Na tambaye ta ko ta san wace ce yarinyar nan mai dogon baki, ko 'yar wani ɗan'uwa ce da aka riƙa a gidan. Gwaggo ta dube ni kamar na tambaye ta sunana.

"Wace yarinya kuma? Mahaman ɗiya mace guda gare shi. Ba ta da ya, ba ta da ƙanwa."

Ashe Kaka ce da kanta. Shekara da shekaru tana ba mu labarin nan, kowane sanyi, ba ta taɓa rage wa yarinyar laifi ba, ba ta kuma taɓa faɗin sunanta ba. Sai na gane me ya sa take riƙe da zargin nan da hannu biyu. In Agali ya ɗebi ko da tafi guda ne na waken, to abin da ta faɗa yana da ɗan tushe. In kuwa bai taɓa ba, ita ce ta tura mutum da matarsa cikin bazara a kan maganar da ta ƙara da bakinta. Ina jin tausayinta yanzu fiye da yadda na taɓa ji tana raye, kuma ina jin kunyar dariyar da muka yi mata.

Ni ma na gaji halin, ba zan ɓoye ba. Ko jiya da maƙwabcina ya yaba ragona, sai da na sake duba ƙofar garke. Abin da na koya kawai shi ne in riƙe bakina in abu ya ɓace, in fara duba ƙasa kafin in dubi mutum, kuma ba kullum nake iyawa ba.

Gwaggo ta ce a ciwonta na ƙarshe Kaka ta daina cin komai, amma ba ta daina tambaya ko an ba karya ba. Ranar da za ta cika, ta sa aka kawo mata tuwo, ta gutsura da kyar, ta miƙa hannu wajen ƙofa, tana cewa kada maigidan Guntuwa ya zo ya ce an bar ta da yunwa. Gwaggo ta ce mata ai babana ya riga ya ba ta. Kaka ta ce ba shi take nufi ba, mai karyar bai zo ba tukuna.